Zagon Baba da Sambanin Inna

Da sunan Allah zan soma, tsira da aminci su ƙara tabbata ga wanda domin yabonsa aka ƙera ƙarfen da zan ba da labarinsa.

Ni tela ne a Yelwa, amma gidanmu yana bakin tafki, a wani ƙauye kusa da Wara, cikin garuruwan da aka sake wa mazauni lokacin da ruwan Kainji ya rufe na dā. Ban san tsohon garinmu ba sai a bakin manya. Kayan da iyayena suka ɗauko daga can yawancinsu sun ƙare tun ina yaro, tukwane sun fashe, tabarmi sun mutu. Abu biyu ne suka rage, kuma dukansu ƙarfe ne: sambanin Inna, mahaifiyata, da zagon Baba.

Wanda bai san sambani ba, ƙarfe ne da mata ke kaɗawa idan suna yabon Annabi, musamman a watan Mauludi. Ɓari huɗu ne, biyu a kowane hannu. Kowane ɓari tsawonsa kamar taƙi guda, yana da kai biyu masu faɗi da ɗan zurfi, da siririn ƙugu a tsakiya inda ake ɗaura tsirkiyar fata a zura yatsu. Tun ina makarantar allo, duk lokacin da na rubuta nun ara sai in tuna da zurfin kan sambanin Inna, lanƙwasarsu ɗaya. A gefen kowane kai an huhhuda an rataya ƙananan zobba, saboda haka idan aka haɗa ɓari biyu, bayan ƙarar ƙarfen sai wani ɗan yayyafi na zobban ya biyo baya. Na Inna baƙi ne wuluk, ƙugunsa ya yi santsi saboda hannu. A wurin uwarta ta gaje shi, kuma da shi take ja wa matan garinmu baki kowace shekara, tana bayarwa suna amshi.

Zago kuwa mashi ne na masunta, mai ƙugiya a baki, wanda ake sukar manyan namun ruwa da shi. Baba Basarke ne, wato ɗan Sarkawa masunta, a ruwa ya yi rayuwarsa. Ya daɗe da barin farautar zago kafin ya rasu, ya koma kamun kifi da taru da mamari kamar kowa, har sandar ta ruɓe, sai kan ƙarfen ya rage. Bayan rasuwarsa da aka zo rabon gado, Inna ba ta yi magana a kan jirgi ko gona ba, wannan ƙarfen kaɗai ta ce a bar mata. Ta naɗe shi da tsohon rawaninsa ta rataya a ƙusa bisa kan gadonta. Duk damina takan sauko da shi ta shafe shi da man gyaɗa don kada tsatsa ta kama shi. Ba ta taɓa zancensa, mu ma ba ma yi. Ni dai a raina na ɗauka wata rana zai zo hannuna.

Wata shekara da Mauludi ya faɗo cikin kaka, na je gida ranar wata Juma'a, watan Safar ya kusa ƙarewa. Farin ruwa, wanda kogi ke kawowa ƙarshen damina, ya riga ya cika tafki, shinkafa ta sunkuya. A irin wannan lokaci gidanmu ba ya rabuwa da mata bayan la'asar, suna ta bitar yabo. Ran nan na tarar da tsakar gida shiru, Inna ita kaɗai tana tsince wake da lalube, don idonta ya fara yin hazo. Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana, mai keke take ce mini saboda keken ɗinki.

"Mai keke, ka taho? Ina mutanen Yelwa?"

"Lahiya lau, Inna. Ina matan naki? Ko an ɗage Mauludin bana?"

"Wa zai ɗage shi? Na ce musu su nemi wata."

Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da sambanin cikin ƙyalle, ta miƙo mini ɓari ɗaya. Ya tsage daga ƙugu har cikin kai. Ba faɗuwa ya yi ba, ba kuma wanda ya taka shi, tana cikin kaɗawa ta ji muryarsa ta mutu a hannunta. Na haɗa shi da ɗan'uwansa, sai ya yi wani ƙwas kamar an jefar da tsohuwar tasa.

Na ce ai wannan mai sauƙi ne, a yi yabon da baki kawai, ko a ari na wani gari. Ta ce ita tun tana budurwa ba ta taɓa ɗaga murya ba sai ƙarfen nan ya buɗe mata hanya, idan babu shi ba ta san inda za ta sa numfashinta ba. Ba da kuka ta faɗa ba, ta ma koma kan wakenta. Amma na san Inna. Rabin shekara tana jiran wannan wata ne, rabin kuma tana ba da labarinsa. Na ga idan ta zauna bana, ta zauna ke nan.

Da na koma Yelwa na zaga kasuwa har na samu wani mai kayan ƙira yana da sambani sabo, an yanka shi daga jikin durom, an shafa masa farin fenti yana ta ƙyalli. Na kai mata da murnata. Ta zura yatsu, ta kaɗa sau ɗaya, ta zare.

"Allah shi yi albarka. Kai wa masu shinkafa, zai kori tsuntsayen buwa da kyau."

Daga nan ne na nufi wurin Kawu. Kawu maƙeri ne, kuma taubashin Inna ne, ubansa da uwarta ciki ɗaya, shi ya sa cikin wasa yake ce mata baiwarsa. Uban nasa ne ya ƙera sambanin tun a tsohon gari. Maƙerarsa rumfa ce a bayan gari, kusa da wata tsamiya, kuma har yau ba a shiga da takalmi. Shekarun da ya yi yana dukan ƙarfe sun tafi da jinsa, sai an kusanto an ɗaga murya. 'Ya'yansa sun koma walda a birni, shi kaɗai yake zaune yana gyaran lauje da fartanya, wanda ya kawo aiki shi ke yi masa zuga.

Na tuɓe takalmi na yi sallama da ƙarfi. Ya karɓi ɓarin ya juya shi a hannu, ya daɗe yana shafa tsagar da babban yatsa.

"Baiwar tawa ta kashe aikin ubana ke nan."

"Kawu, ko a kai a yi masa walda?"

"A yi masa mi?"

"Walda!"

"To, idan so kake ya manne, zai manne. Amma ba zai sake magana ba. Wanda aka ɗinke wa baki, kai da kake tela, ka taɓa jin ya yi waƙa?"

Ya ce sai dai a ƙera sabon ɓari, kuma wahalar ba ƙirar ba ce, samun ƙarfen da zai zauna da sauran ukun. Sai ya nuna mini abin da ban taɓa gani ba. Ya ɗauko zare mai kauri, ya ɗaure lafiyayyen ɓarin, ya ciji bakin zaren da sauran haƙoransa, ƙarfen na reto a gaban ƙirjinsa, ya ɗan ƙwanƙwasa shi da ƙusa ya rufe ido. Ya ce tun da kunne ya ƙi, ta haƙori yake jin ƙarfe, ƙarar takan bi zaren ta hau masa har tsakiyar ka. Ya ba ni na gwada. Wallahi sai na ji kamar a cikin ƙoƙon kaina aka kaɗa shi.

Ya shiga zaro ƙarafa daga tarin da ke bayan rumfa, yana ratayawa yana cizo. Guntun sifirin mota, ya ce wannan ya cika tsiwa, da shi ake adda, idan ya shiga cikin sambanin nan shi kaɗai za a ji. Rodin gini, ya ce bebe ne. Murfin durom, ya ce babu komai cikinsa sai surutu. Wata tsohuwar garma ta ɗan kusa, amma da ya kankare ta sai ya ga ita ma daga jikin mota aka fitar da ita.

"Wanga na Inna taka ƙarfen tama ne," in ji shi. "Dutse ne aka haƙo aka dafa. Ina saurayi na ga ƙarshen masu yin haka. Yana da taushi, yana da jijiya kamar itace, muryarsa ba ta hawa sama, a ƙasa take tafiya ta daɗe. Yanzu wa zai dafa maka dutse, ga matattun motoci ko'ina?"

Na ce ko a kufan tsohon gari za a samu, don nakan ji idan ruwa ya ja baya masunta na tsintar tsofaffin abubuwa a can. Ya ce bana kam ruwa ya riga ya dawo, kuma abin da ya kwana cikin laka tun kafin a haife ni, tsatsa ce kawai mai siffar fartanya.

Ya shiga tura gawayi da awartaki. Can ya ce, bai dube ni ba, "Akwai guda ɗaya cikin garin nan. Ubana ya ƙera wa ubanka shi shekarar da ya auri Inna taka, ni na yi zugar. Ta san inda yake. Amma ni ba ni tambayarta."

Na gane abin da yake nufi. Ban koma gida kai tsaye ba, na bi ta bakin ruwa na zauna kan wani kifaffen jirgi har aka kira azahar. Gaskiya ban so ba. Ban taɓa ganin Baba ya jefa zagon nan ba, amma ina yaro yakan ɗora mini shi a tafin hannu in ji nauyinsa, ya nuna mini inda haƙorin kada ya karce shi. Na yi tunanin in ce wa Inna Kawu ya ce babu ƙarfe, kuma ba ƙarya ba ce ƙwarai. Amma da na yi salla na ga ba ni da hurumin yanke mata hukunci a kan abin da yake nata ta fuska biyu.

Na gaya mata bayan ta idar da la'asar, tana kan buzu. Na faɗa yadda Kawu ya faɗa, ban ƙara ba ban rage ba. Ta ci gaba da jan tasbaha kamar ba ta ji ba. Da ta kai ƙarshe ta shafa, ta ce, "Wannan kurman, bakinsa ya fi kunnensa lahiya." Ta tashi ta naɗe buzunta. Na kwana, na koma Yelwa da safe ba tare da amsa ba.

Watan Mauludi ya tsaya ina kan keke, ɗinkin yara ya yi mini yawa, sai ga waya daga wata maƙwabciyarmu, ta ce Inna ta ce in zo in yi zuga.

Na iske ta ta yi shiri tun da sassafe, ta yafa mayafinta na zuwa suna, zagon a naɗe cikin rawanin Baba a hammatarta. Muna tafe a hankali ina riƙe da tabarma da butarta, na kasa haƙuri na ce, "Inna, kin tabbata? Idan ya shiga wuta ba ya dawowa."

"Na sani. Ina shafa masa mai ina rataye shi, ina shafa masa mai ina rataye shi, ran da na mutu kai ma haka za ka yi, ɗanka kuma ya sayar wa masu gwangwan. Ƙarfen nan ya zubar da jini iyakar rabonsa. Bari ya ƙarasa kwanansa yana yi wa Manzo salati, ko Allah ya kai wa ubanka ladan."

Muka ci gaba da tafiya har bakin maƙera.

Mata ba sa shiga maƙerar Kawu, haka ya gada. Ya ce Inna ta wuce wannan shekarun, ta shigo, ta ce ita ba ta taɓa taka maƙerar kawunta ba, ba za ta fara da ta ɗansa ba. Na shimfiɗa mata tabarma a gindin tsamiya, inda tana iya jin komai.

"Baiwa, kin kawo wa ubangijinki gaisuwa?" in ji Kawu daga cikin rumfa.

"Na kawo maka aiki, baƙin maƙeri. In ka ɓata shi, kai da ubanka za ku yi shari'a gobe ƙiyama."

"Ta ce mi?"

"Ta ce Allah shi ba da sa'a," na ce.

"Ƙarya kake, tela. Na san bakinta tun ba a haife ka ba."

Ya warware rawanin ya miƙo mini na mayar mata. Ya riƙe zagon da hannu biyu, ya nemo wata 'yar shaida kusa da gindi ya nuna mini, ya ce hannun ubansa ne. Ya rataya shi a zare ya ciza ya ƙwanƙwasa, sai na ga ya gyaɗa kai. Inna ma daga gindin tsamiya ta ce, "Shi ne." Ya yi bisimilla ya tura shi cikin gawayin ƙirya, na kama zugazugi.

Zugazuginsa na fatar akuya ne, irin na dā, hannu ɗaya na sauka ɗaya na tashi. Hannun da ya saba da almakashi bai san wannan ba, kafin hantsi kafaɗuna sun ɗauki wuta, Kawu na ta yi mini tsiya wai iskar da nake bayarwa ko shayi ba za ta dafa ba. Ya ce ƙarfen tama ba a dukansa da ɗumi-ɗumi, sai ya yi jawur har ya fara komawa ruwan ɗorawa, in ba haka ba jijiyarsa ta rabu. Da ya kai yadda yake so, ya zaro shi ya ɗora a uwar maƙera, ya fara datse ƙugiyar ya ture ta gefe cikin toka. A nan na kau da kai. Da na waiwayo, abin da ke cikin awartaki ba zago ba ne kuma, guntun jan ƙarfe ne kawai.

Ya yi ta mayarwa yana fitarwa. Ya matse tsakiya ta zama ƙugu, ya baje kai biyu, ya ɗora kowanne a kan wani rami da ke jikin kututture ya zurfafa shi da masaba mai zagayayyen baki, itacen na hayaƙi. Yana yi yana gwadawa da tsagaggen ɓarin. Tsufa bai taɓa hannunsa ba, duk inda ya nufa nan masaba ke sauka. Wajen azahar siffa ta fito, ya ajiye shi a kan ƙasa ya huce da kansa, bai tsoma shi a ruwa ba, ya ce ruwa na sa murya ta bushe. Muka yi salla, muka sha furar da Inna ta aika aka kawo.

Ashe aikin bai ma fara ba. Kawu ya ce da gangan ya bar shi da kauri, domin ƙarfe mai kauri muryarsa sama take, kuma duk dukan da ya ƙara masa faɗi yana sauko da ita. Ana iya saukowa, ba a iya komawa. Ya ce haƙorinsa na gaya masa ko ƙarfe lafiyayye ne da kuma tsawon numfashinsa, amma ɗan bambancin da ke tsakanin murya da murya, wannan sai mai kunne. Inna kuwa ba ta ganin launin wuta balle kaurin ƙarfe. Saboda haka aka raba aiki: shi ya daka, ita ta saurara, ni in yi ta kai da kawowa.

Na kai mata sabon ɓarin da abokin zamansa, kowanne a zarensa. Ta ƙwanƙwasa tsohon, ta saurara har ƙarar ta ɓace, ta ƙwanƙwasa sabon.

"Gaya masa wanga yaro ne, ko balaga bai yi ba."

Na je na faɗa a kunnensa. Ya yi dariya ya mayar wuta. Muka yi zuga, ya daka, muka jira ya huce, na kai.

"Ya sauko. Da saura."

Haka muka wuni. Mafi yawan lokacin jiran ƙarfe ya huce ne, kuma cikin jiran suka yi ta hira daga nesa, ita tana magana yadda ta saba, ni ina ɗaga masa, shi yana amsawa da ihu. Suka tuna tsohon gari, da wata rijiya mai ruwan daɗi, da ranar da aka kai ta ɗaki a jirgi ruwan sama ya kama su. Ta ce Baba ran nan da faifai ya rufe mata kai. Ban taɓa jin wannan ba. Na lura ba ta ce ubanka ba, mai gidan ta ce, kamar yana nan ya je su a tafki.

La'asar ta yi sanyi, na kai mata ta ce, "Kaɗan ya rage. Kamar gashi."

Kawu ya karɓa ya ɗaga shi wajen haske, ya bi gefen da farce, sai ya tsaya. Ya kira ni ya nuna mini. A bakin kai ɗaya wata 'yar tsaga ta fara, ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba.

Ya tashi ya fito daga rumfa, abin da bai yi ba tun safe sai don salla, ya zo ya tsuguna a bakin tabarmarta. Wannan karon bai ce baiwa ba.

"'Yar gwaggo, ƙarfe ya ce ya gaji. In na ƙara masa wuta ɗaya, ko ya sauko inda kike so, ko ya yage. In ya yage, babu zago, babu sambani, kuma babu wani a garin nan." Ya kama yatsanta ya ɗora a kan tsagar. "Akwai wata dabara. In rage bakin tsohon da magagari, muryarsa ta ɗan hau, su haɗu a hanya."

"Kada ka taɓa na uwata," ta ce da ƙarfi, har ya ji ba tare da ni ba.

"To, sai ki zaɓa."

Ta riƙe su biyun a cinya ta daɗe. Ni dai addu'a nake a zuci, ban ma san wanne nake roƙo ba. Can ta ce in ciro tsirkiya daga tsagaggen in ɗaura wa sabon. Na ɗaura. Ta zura yatsu a duka huɗun, ta gyara zama, ta haɗa su a hankali, dama, hagu, dama. Tun azahar ɗaya bayan ɗaya take jin su, yanzu ne ta fara jin su tare. Ta ƙara sauri kaɗan. Sabon yana bisa sauran, ko ni na ji, amma ba ya sukar kunne, sai ka ce mutum huɗu na tafiya ɗaya ya ɗan fi tsawo. Ta sa murya ƙasa-ƙasa ta ja baiti ɗaya, muryar ta shaƙe don ta kwana biyu ba ta yi ba, ta yi gyaran murya ta sake, ta kai shi ƙarshe.

"Bar shi haka," ta ce. "Ba su zama ɗaya ba, amma ba su faɗa."

"Ta ce mi?"

"Ta ce a bar shi!"

"Alhamdu lillahi. Yau baiwa ta yi hankali."

"Allah shi shirye ka, kurma."

Ya koma ya goge bakin tsagar da magagari har ta ɓace, ya ɗan rage wurin kamar an gutsura, ya ce haka ba za ta yi tafiya ba. Sannan ya tono ƙugiyar nan daga toka, ya sa na ƙara zuga, ya ja ta ta zama siririya, ya yayyanka ya nannaɗe, ta zama zobba. Ya huhhuda gefen sabon ɓarin ya rataya su. Babu abin da ya rage na zagon sai ɓawon da ya zuba a gindin uwar maƙera. Kafin mu tafi ya miƙo mini tsagaggen ɓarin, ya ce, "Riƙe wanga, tela. Na ga idonka tun safe." Yana cikin aljihun kekena har yau, tare da alli da allurai.

Ranar Mauludi da hantsi mata suka cika gidanmu, har da na ƙauyukan tsallake da suka zo a jirgi. Ni ina zaure tare da maza, ana raba waina da kunu. Kawu ma ya zo cikin wankakkiyar riga, ya zauna ya jingina da bangon da ya raba mu da tsakar gida. Aka yi ta hayaniya, yara na kuka, ana neman wurin zama. Sai ƙarfe ya yi magana sau biyu, gida ya yi tsit. Muryar Inna ta tashi, ta tsufa amma ba ta rawa, mata suka amsa gaba ɗaya.

Na ajiye kofin kunu na saurara. Cikin amshin mata da tafi da yayyafin zobba, ina iya ware shi, ɗan sama da sauran, a hannunta na dama. Na duba Kawu na ga ya manna ƙeyarsa da bango ya rufe ido.

"Kawu, kana ji?"

"Ba na ji," ya ce. "Amma bango na gaya mini ta fara."

Sai da rana ta take tsaka suka tashi. Da na shiga yi mata sallama zan koma Yelwa, na same ta a bakin gado, ƙafafunta sun kumbura, muryarta ta dushe, tana ta faɗa wai matan tsallake suna jan amshi kamar masu jan taru, baɗi sai ta zaunar da su tun Safar. Ta sa na miƙo mata kwalbar man gyaɗa. Ta shafe ɓari huɗun ɗaya bayan ɗaya, ta naɗe su cikin rawanin Baba, ta ce in rataya mata a ƙusar nan, ita hannunta ba ya kaiwa yau.